Daga Majigi Zuwa Allon Bango: Yadda Mutanen Rabah Su Ka Riƙa Zaɓen Talbijin

Mai karatu, in yau ka tashi daga Rabah ka shiga Sakkwato da niyyar sayen talbijin ta kece raini, abin da za ka tarar sai ya ɗaure maka kai. Ga su nan jere a bango, Samsung da LG da Sony da Hisense, kowace ta na nuna furanni da kifaye masu launi kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Mai shago kuma ya shiga yi maka ruwan haruffa, wannan OLED ce, waccan QLED, duk 4K ne Alhaji. Kuɗin wata a ciki ya isa ka sayi sa ka ɗaure. To, kafin ka zaro abin da ka samu a shinkafar fadamar Wurno ko albasar Goronyo ka danƙa masa, tsaya ka ji yadda na gabanka su ka yi wannan zaɓe, domin tambayoyin da su ka yi wa akwatinsu ba su tsufa ba.

Abin mamakin shi ne, mutumin da ya kawo wa Arewa talbijin ɗan Rabah ne. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, a nan ya yi hakimci daga 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Da gwamnatin Awolowo ta buɗe tasharta a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, ta farko a Nijeriya, gwamnatin Sardauna ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ta haɗa gwiwa da kamfanonin Ingila guda biyu, Granada da EMI, aka buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna a watan Maris na 1962. Sai dai hoton talbijin ba kamar muryar rediyo ba ne da ke tsallake dazuzzuka. Tafiyarsa ba ta wuce inda dogon ƙarfen tasha ya ke hange da nisa. Don haka har Allah ya karɓi ran Firimiya a Janairun 1966, mutanen garinsu ba su da abin da za su kama ko da sun sayi akwatin. Kallonsu a lokacin majigi ne, motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a fili bayan isha'i, a nuna irin su Baban Larai, gari ya waye ta ƙara gaba.

Sai a tsakiyar shekarun 1970 Sakkwato ta samu tasharta, wadda daga baya ta shige ƙarƙashin hukumar NTA da aka kafa a 1977. Abin ya zo daidai da kuɗin Udoji da aka zuba wa ma'aikata a 1975, malamin makaranta da akawu su ka wayi gari da bashin albashin watanni a aljihu. Rediyo mai kaset, babur, firji, talbijin, kowa ya ɗauki abin da ya daɗe ya na mafarki. Amma fa a ƙauye zaɓen bai da yawa. Inda babu wutar NEPA, talbijin ta gari ita ce ƙaramar nan mai baƙi da fari wadda ke aiki da batirin mota. A kafa eriya a kan dogon ƙarfe ko gora, yaro ya hau katanga ya na juyawa, na ciki su na ihu "ya yi! a'a, koma baya!" Batiri ya yi sanyi hoto ya riƙa tsukewa ya na barin baƙi sama da ƙasa, gobe a ɗora shi a kan keke a kai caji. A irin wannan akwati mutane su ka kalli Samanja da Karkuzu da Idon Matambayi na Sakkwato, kuma ban ji wanda ya ce rashin launi ya rage masa dariya ba.

Launi ya fara ne daga tashar Jos a 1975, kafin ya game ƙasa wajen lokacin bikin FESTAC na 1977. Daga nan ne zaɓen talbijin ya koma maganar matsayi. Akwai mai ƙofa, wadda aka gina cikin katako kamar kabad, a ja ƙofofinta a kulle da makulli in mai gida zai fita. Sunayen da ke bakin mutane su ne National da Sharp da Sanyo da Philips da Grundig. Sarauniyarsu kuwa Sony Trinitron, wadda Japanawa su ka fito da ita tun 1968. Sirrinta a cikin kwalbar ya ke: maimakon farantin ƙarfe mai ƙananan huji da sauran kamfanoni ke sawa a bayan gilashi, Sony ta jera siraran wayoyi a tsaye, sai haske ya fi samun hanyar wucewa, hoto ya fito tangaran ko da rana. Nauyinta kuwa, babbar sai ƙarti biyu. Wanda ya mallake ta a Wurno ko Rabah a shekarun 1980, ba a tambayar ko ya na da hali.

Ga wani abu da 'yan baya ba su sani ba, kuma a nan ne gwanin saye ya ke bambanta da mai kuɗi kawai. Nijeriya ta bi tsarin launi na PAL, Nijar ta bi na Faransa, wato SECAM, Amurka da Japan kuma NTSC. Mu da ke zaune kusa da iyaka abin ya shafe mu kai tsaye. Mutum zai ɗaga eriya ya kamo Télé Sahel don ya ga kokawar Nijar, sai hoto ya zo masa babu launi, murya kuma sai shuuu. Wani ya dawo daga Hajji da kaset ko na'urar bidiyo daga Jidda, a jona a ga ba su jitu da akwatin gida ba. Shi ya sa kalmar "malti-sistem" ta shiga bakin 'yan kasuwa, har wanda bai san ma'anarta ba ya san in babu ita a jikin kwali, a rage kuɗi. Ka ga ke nan tun a wancan zamani, tambayar farko ba "wace ce ta fi kyau?" ba ce. Tambayar ita ce: me zan kalla da ita, kuma daga ina zai zo mani?

Bidiyo ne ya sauya komai. JVC ta fito da VHS a 1976 ta kayar da Betamax na Sony, kaset ɗin Indiya da na Chanis su ka cika gari. Da 'yan Tumbin Giwa su ka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sai ga namu a cikin akwati. Zuwa lokacin Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, talbijin da bidiyo sun shiga kayan ɗakin amarya, sun zauna kusa da jeren kwalla da gado. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da ke cikin kulle, wadda ba ta taɓa taka sinima ba kuma ba za ta taka ba, ita ce ta zama babbar 'yar kallo, kuma da kuɗin hayar kaset ɗinta masana'antar ta tsaya da ƙafafunta. Talbijin mai inci 14 da ake kira ta talaka, ita ta raini finafinan Hausa, ba ta falon Alhaji ba. A wannan zamani ne kuma GoldStar, wadda ake yi wa kallon ta marasa ƙarfi, ta sauya suna zuwa LG a 1995, ita da Samsung su ka yi ta hawa har su ka ture Japanawan daga kan kujera. Na hannu 'yan Kwatano su ma su ka cike giɓi, tare da ƙaramin janareta da sitabilaiza, domin wuta mai hawa da sauka ta kashe akwatuna fiye da tsufa.

Sai zamanin na bango. Har yau in ka ji Bahaushe ya ce "filasma", ya na nufin kowace shafaffiyar talbijin ce, alhali filasma ta gaskiya ta mutu tun 2014, shekarar da Panasonic da Samsung da LG su ka daina ƙera ta. Hotonta ya yi kyau ƙwarai, amma ta na shan wuta ta na zafi kamar murhu. Sony ma ta rufe babin Trinitron a 2008. Abin da ya rage a kasuwa iri biyu ne, duk yawan haruffan da za a karanto maka. Akwai mai fitila a bayan gilashi, wato LED. QLED da Samsung ta fito da sunan a 2017 'yar wannan gida ce, an dai ƙara mata wani shafi mai gyara launi. Akwai kuma OLED, wadda LG ta kawo babbarta kasuwa a 2013, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa da kansa, in an zo wurin duhu ya mutu ɗungurungum. Shi ya sa baƙinta baƙi ne ƙirin, kuma a ɗaki mai duhu babu mai kama ƙafarta.

To amma ɗakinka mai duhu ne? In a falo mai manyan tagogi za ka kafa ta, ko a shago, ko gidan kallon ƙwallo, hasken ranar Sakkwato zai cinye wannan fifiko, mai fitilar baya ta fi ta jure wa haske. Sannan OLED ba ta son abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya. Gidan da ake kunna Arewa24 ko tashar labarai tun safe har dare, tambarin tashar da ke maƙale a kusurwa zai iya barin tabo a gilashin bayan shekaru. Ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa. A ra'ayina, mai gida a Rabah da ke dogaro da sola da batiri, gara ya fara juya akwatin ya karanta yawan wutar da ta ke sha a takardar da ke manne a bayanta, kafin ya tsaya sha'awar kifayen da ke gaba.

Maganar 4K kuma, lissafi ne mai sauƙi. Allonta na ɗauke da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, sama da miliyan takwas ke nan. Faifan VCD da aka zuba mana tsofaffin finafinanmu a kai, ɗigo 352 ne da 288, dubu ɗari da 'yan kai. Wato kowane ɗigo guda na Sangaya sai an baje shi a kan wajen tamanin. Ka sa shi a allo mai inci 65 ka ga yadda fuskar Fati Mohammed za ta narke kamar an zana ta da jiƙaƙƙen alli. Tsohuwar mai ƙeya ta fi mutunta shi nesa ba kusa ba. Sababbin shirye-shirye irin su Labarina da Kwana Casa'in sun fi dacewa da babban allo, amma su ma sai in hanyar da su ka biyo ta iso da su da kyau. Yawancin tashoshin da ake kamawa kyauta a dish ba su kusa da 4K ba.

Wadda ake kira mai wayo, mai YouTube a ciki, da intanet ta ke numfashi. Mutanen Rabah da Goronyo sun ga iyakarta a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Duk wayonta sai ta koma kamar sauran, wanda ke da dish a kan rufi da finafinai a filash shi ya ci gaba da kallo. Don haka in ka je shagon, ka tafi da filash ɗinka a aljihu, da irin abin da iyalinka ke kalla a ciki. Ka ce wa mai shago ya kashe furannin nan nasa ya sa naka, ka ja da baya daidai nisan kujerar falonka, sannan ka tambaye shi wa ke gyara ta a Sakkwato in gilashin ya samu matsala, da kuma nawa ne kuɗin sabon gilashin.