Mudun da Aka Auna Faifan Mawaƙa Mata da Shi

Samarinmu sukan yi gardama a kan wace mawaƙiya ce ta fi sayar da faifai a duniya, kowa ya jefo adadi kamar da hannunsa ya ƙirga. Mu da muka daɗe muna riƙe da littafin lissafin dattawa, abin da muke fara tambaya shi ne: wa ya auna, kuma da wane mudu?

A Amurka, ƙungiyar kamfanonin faifai ta RIAA ta soma ba da shaidar zinare a 1958, ta ƙaro ta filatinam a 1976 ga faifan da ya kai miliyan 1, sannan ta lu'ulu'u a 1999 ga mai miliyan 10. Sai dai abin da take ƙirgawa shi ne hajar da kamfani ya tura wa dillalai, ko an saya, ko tana jibge a kanti. Sai a 1991 ne tsarin SoundScan ya fara rubuta ciniki a daidai lokacin da kuɗi ya shiga hannun mai kanti. Saboda haka faifan Madonna na shekarun 1980 da na waɗanda suka biyo bayanta, ba mudu ɗaya ya auna su ba.

The Bodyguard na Whitney Houston, na 1992, ana ƙiyasta shi da miliyan 45. Amma faifan fim ne, waƙoƙi 6 ne nata a ciki, sauran na wasu ne. Come On Over na Shania Twain, na 1997, kimanin miliyan 40, kuwa muryarta ce daga farko har ƙarshe. A ganina, faifan Adele mai suna 21 ya fi su cancantar jinjina, ko da yake miliyan 30 da ɗoriya ya yi, domin ya fito a 2011, bayan intanet ta karya kasuwar faifai. Daga 2016 ma RIAA ta koma lissafa sauraro 1,500 a matsayin faifai guda.

A nan kusa, Oumou Sangaré ta Mali ta ɗauki Moussolou a Abijan a 1989, aka sayar da fiye da 200,000. Wannan na kamfani ne kawai. Kaset ɗin da masu kwafi suka yi ta zubawa a kasuwannin Bamako da Yamai, aljihunsu ya shiga, bai bi ta littafin kamfani ba balle ta hannunta.