Wusasa da Tarukan Jama'arta

A majami'un ɗariƙar Angalikan akwai wata al'ada ta ranar Lahadi. Kafin a sallami jama'a, wani dattijo ya kan miƙe da takarda a hannu, ya karanta sanarwa: ran kaza mata za su taru, ran kaza za a ɗaura auren wane da wance, ran kaza za a kai gaisuwar mutuwa ƙauye kaza, ran kaza Bishof zai zo. Baƙo ya kan ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Amma wanda ya bi tarihin Kiristocin Hausa na ƙasar Zazzau zai ga wannan 'yar takarda ta ɗauki kaya mai nauyi, don akwai lokacin da mutanen nan ba su da wani dangi sai waɗanda su ke taruwa da su.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. A Ingila, tun da daɗewa an yanyanka ƙasa duka ƙananan gundumomi, ko wace da majami'arta da limaminta. Irin wannan gunduma ita a ke kira faris. Aikinta ya wuce sujada. A 1538, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka ba da umurni ko wace faris ta riƙa rubuta waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda suka yi aure, da waɗanda aka binne. A 1601 kuma aka yi doka ta ɗora wa faris ciyar da matalautanta. Ko wace shekara, wajen Idin Ista, magidanta su kan taru su zaɓi mutum biyu masu kula da ginin majami'a da dukiyarta. Watau dai faris kamar unguwa ce a wurinmu, inda mai unguwa da liman su ke sane da haihuwar kowa da mutuwarsa. Mutumin Ingila ba ya neman faris, a cikinta a ke haifarsa.

To, a ƙasar Hausa ba haka abin ya zo ba. Ƙungiyar mishan ta C.M.S., wadda aka kafa a Landan a 1799, ta daɗe tana ɗokin isowa Arewa. A 1900 Bishof Tugwell ya taso daga Ikko da abokan tafiya huɗu, cikinsu har da wani saurayin likita, Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Suka isa Kano, Sarkin Kano Alu ya ce bai yarda su zauna ba. Suka juyo suka sauka a Girku, cikin ƙasar Zazzau, can ɗayansu, Ryder, ya rasu. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila (haka Zazzagawa su ke kiransa) ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Bahaushe ba ya zama shi kaɗai. Danginsa ne za su ba shi gona, su nema masa mata, su raɗa wa ɗansa suna, su ɗauki gawarsa. Wanda ya sake addini a wancan zamani, duk wannan ya kan kuɓuce masa rana ɗaya. Wa zai ba shi 'ya? Wa zai zo masa gayya? Masu mishan sun zo da littafi da magani, amma ba su zo da dangi ba, ga shi kuwa dangi ne abin da mutanensu suka fi rashi.

Ana nan sai wani al'amari ya faru a 1913. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya riƙa ɗaukaka Annabi Isa cikin wa'azinsa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. Aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Su ne a ke kira Isawa. Waɗansu daga cikin zuriyarsu suka ji labarin Likita Mila, suka zo Zariya wurinsa. Waɗannan ba ɗaiɗai suka zo ba, da matansu da 'ya'yansu suka zo, sabo da haka aka ga dama ta samu ta kafa gari sosai. Aka ba su wuri a Gimi, suka yi sassabe, suka gina gidaje da majami'a da makaranta. Nan ne aka fara ganin abin da ya yi kama da faris ta Hausawa: gari guda, ƙararrawa guda, kowa ya san ranar taro.

Abin tausayi, wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗibar manya da yara. Ba a cika shekara goma ba Gimi ta zama kufai. Aka kwashe waɗanda suka saura, yawancinsu yara, aka kawo su Zariya.

Zaman cikin birni kuma bai yi daɗi ba. Hukumar Turawa ba ta son ganin mishan a tsakiyar birnin Musulmi, fili kuma ya yi kaɗan. Daga ƙarshe aka ba su wuri a bayan ganuwa, yamma da birni, kusa da dutsen Wusasa, ba nisa da Kufena. A 1929 aka gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki, bisa jagorancin wani limami, Guy Bullen. Abin da ya kamata a yaba masa shi ne bai kwaikwayo ginin Ingila ba. Magina Hausawa aka sa, suka yi ta da tubali da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, har wanda ya hango ta zai ce zauren wani babban basarake ne. Tana nan tsaye har yanzu. Kusa da ita aka yi makaranta da asibitin Luka Mai Tsarki. Shi Likita Mila bai zauna a Wusasa ba, Kano ya koma, ya dukufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga da Hausa a 1932. Ya rasu a 1952.

Yanzu sai mu duba yadda shekara ta ke juyawa a irin wannan gari. Kalandar Angalikan daga ƙasar sanyi ta zo, amma da ta iso nan sai ta bi damina da rani. Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, ta kan faɗo cikin hunturu, rumbu cike, 'yan makaranta da ma'aikata sun dawo gida, sabo da haka a lokacin ne a kan yi yawancin bukukuwan aure. Azumin kwana arba'in da Idin Ista su kan zo cikin zafin bazara. Ista ba ta da tsayayyar rana, amma ba ta fita tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ranar Bartalamawus, wanda majami'ar ta ci sunansa, 24 ga Agusta ce, tsakiyar malka, lokacin da abinci ya ke ƙaranci a gidan manomi.

Taron da ya fi shiga ran mutane shi ne godiyar kaka. A Ingila ma ba tsohon abu ba ne cikin majami'a: wani limami, Robert Hawker, shi ya fara shi a ƙauyensa a 1843. Amma manomin Hausa bai bukaci a yi masa dogon bayani ba, gama ya riga ya san fid da rabon Allah daga amfanin gona. Ran nan a kan shigo da dammunan dawa da gero, da gyaɗa, da kaji, har da awaki, gida gida, ana waƙa. In an tashi a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga aikin majami'a da taimakon gajiyayyu.

Aure ma yana da tasa ƙa'ida. Sai an yi shelarsa Lahadi uku a jere, don in akwai mai wata magana ya fito ya faɗa tun ba a ɗaura ba. A garin da mutane suka taru daga wurare dabam dabam, ba kakanni ɗaya ba, wannan shela ita ta tsaya a matsayin binciken asali da iyaye su kan yi.

Mata kuwa, a ganina su ne ƙashin bayan abin duka. Ƙungiyar iyaye mata ta Angalikan, wadda Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, ta iske matan Hausa da al'adunsu na biki da gudummawa da adashi, sai abu ya haɗu. Su ne masu zuwa barka, su ne masu dafa abincin zaman makoki, su ne kuma su kan san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba tun limami bai ji ba.

Garin ƙarami ne, amma mutanen da ya fitar ba ƙanana ba ne. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa farkon kafa ta. Daga cikinta aka sami Malam John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne; ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Cikin waɗannan shekaru kuma Farfesa Ishaya Audu, wani ɗan jama'ar, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Tsarin mulkin ikilisiyar ma ya yi ta sakewa. A 1954 aka ba Arewa bishof nata, John Mort, mazauninsa Kaduna. A 1979 Angalikan na Nijeriya suka tsaya da ƙafarsu, Timothy Olufosoye ya zama Babban Bishof na farko. A 1997 aka mai da Wusasa kanta mazaunin bishof, aka naɗa Ali Buba Lamido. Tun daga lokacin, wakilan majami'un ƙauyuka da ke ƙarƙashinta su kan hallara babban taron da a ke kira sinod, limamai da waɗanda ba limamai ba, a karanta lissafin kuɗi, a yi shawara kan makarantu da asibiti, a tsai da ranakun tarukan da ke gaba. Wakilai su koma da takardar garuruwansu, a karanta wa jama'a ran Lahadi.