Satar Asusun Steam da Hanyar Ƙwato Shi

A watan Disamba na 2015, kamfanin Valve na Amurka, mai dandalin wasannin kwamfuta na Steam, ya bayyana cewa ana sace asusu kimanin 77,000 duk wata. Sau da yawa mai asusun ne ke miƙa makullinsa da hannunsa. Saƙo kan zo masa daga asusun abokinsa da aka riga aka sace, ana roƙonsa ya zaɓi wata ƙungiya a gasa. Da ya latsa, sai ya faɗa shafin bogi mai kama da na Steam, ya rubuta kalmar sirrinsa. Wasu 'yan damfarar kuma sukan yi sojan gona da sunan ma'aikatan kamfanin, alhali ma'aikatan ba sa neman kalmar sirrin kowa.

Wanda abin ya shafa zai fara sauya kalmar sirrin imel ɗinsa, sannan ya kai koke sashen taimako na Steam da hujjar mallaka, kamar rasit ɗin wasan da ya taɓa saya. Idan asusun ya dawo, sai ya cire duk na'urorin da ke haɗe da shi, ya kunna Steam Guard a wayarsa. Kayan wasan da ɓarawo ya riga ya sayar kuwa ba kasafai suke dawowa ba.