Tarihin Anime na Soyayyar 'Yan Sakandare da Wasannin Neman Budurwa a Japan

Anime na soyayya da barkwanci, wanda Japanawa ke kira rabukome, reshe ne na finafinan zane na ƙasar Japan. Galibi labarinsa na ɗaliban babbar sakandare ne: so ya shiga tsakanin yaro da yarinya, kunya da rashin fahimtar juna su hana kowa buɗe baki, mai kallo kuma ya yi ta dariya. Yana da ɗan'uwa a wasannin bidiyo, wato wasan neman budurwa, inda mai wasa ke zama ɗalibi, ya tsara lokacinsa, ya zaɓi abin da zai faɗa, har ya shawo kan ɗaya daga cikin 'yanmatan labarin. Tun daga shekarun 1990 tarihin biyun ya sarƙe da juna.

Asalinsa a mujallun zane

Labarin soyayya ya daɗe a mujallun manga, wato labaran zane, na 'yanmata. Abin da ya zo sabo a ƙarshen shekarun 1970 shi ne shigarsa mujallun samari, waɗanda suka saba da dambe da ƙwallo da faɗa. A 1978 Kimio Yanagisawa ya fara Tonda Couple a mujallar Shonen Magazine, labarin ɗalibi da ɗaliba da kuskuren dillalin gidaje ya haɗa su zama a gida ɗaya. A wannan shekarar ce kuma Rumiko Takahashi ta fara Urusei Yatsura a Shonen Sunday, inda Ataru, yaro mayen mata, ya gamu da gamonsa a hannun Lum, baƙuwa daga wata duniya da ke jona masa wutar lantarki duk sa'ad da ya kalli wata. An mayar da shi shirin talabijin a 1981.

Touch na Mitsuru Adachi, wanda ya fara a 1981, ya haɗa soyayya da wasan baseball. Sai Kimagure Orange Road na Izumi Matsumoto, da ya fara a Shonen Jump a 1984 ya hau talabijin a 1987, ya kafa tsarin da aka yi ta maimaitawa daga baya: yaro mai jinkirin yanke shawara tsakanin 'yanmata biyu ƙawayen juna. Masu sharhi da yawa na ganin Madoka ta wannan labari ce uwar halin nan da ake kira tsundere, yarinya mai tsiwa a fili, so a ɓoye.

Ba banza aka zaɓi sakandare ba. Babbar sakandare a Japan shekara uku ce, ana shiga a Afrilu, lokacin da itatuwan sakura ke fure, a gama a Maris. Tsakanin nan akwai hutun bazara, da bikin al'adu na makaranta, da ranar 14 ga Fabrairu da 'yanmata ke ba samari cakulan. Kalanda ce mai farko da ƙarshe, ranar yaye ɗalibai kuwa wa'adi ne: wanda bai faɗi abin da ke ransa ba kafin ranar, sai dai ya tafi da shi. Masu ƙera wasannin kwamfuta sun tarar da wannan kalanda a shirye, ba su sha wahalar ƙirƙiro wata ba.

Zuwan wasannin

A 1992 kamfanin ELF ya fitar da Dokyusei a kwamfutar PC-98. Mai wasa na yawo cikin gari a kwanakin ƙarshe na hutun bazara, sai ya san inda kowace yarinya take da lokacin da za a same ta. Wasan na manya ne, da hotunan batsa a ciki, kuma wannan tabo ya bi sana'ar har yau, domin yawancin wasannin kwamfuta na wannan layi daga nan suka taso, sai an kai su na'urorin wasa na gida a tace su.

Wanda ya fito da nau'in fili shi ne Tokimeki Memorial na Konami, a Mayun 1994, kan na'urar PC Engine, ba tare da batsa ba. Mai wasa na da shekara uku a makarantar Kirameki. Kowane mako zai zaɓi karatu, ko motsa jiki, ko zane, ko gyaran jiki, ko hutu, kowanne da makinsa. A ranakun hutu ya buga waya ya nemi fita da yarinya. Abin da ya ba wasan ɗanɗano shi ne tsarin da ake kira bam: in ka san yarinya sannan ka share ta, sai ta ƙullace ka, in abin ya fashe tsegumi ya bazu, darajarka ta faɗi wurin sauran duka. Shiori Fujisaki, maƙwabciyar jarumin tun ƙuruciya, ita ce mafi wuyar samu, don sai makinka ya yi sama a kusan kowane fanni. A ranar yaye ɗalibai yarinya ɗaya za ta furta sonta ƙarƙashin wata bishiya a harabar makaranta, ko kuma ka tashi a tutar babu. Koji Igarashi, wanda daga baya ya yi suna da wasan Castlevania, yana cikin marubutansa. Da aka kai shi PlayStation a 1995 sai kasuwarsa ta buɗe sosai.

A 1994 ɗin dai kamfanin Koei ya fitar da Angelique, aikin wata tawagar mata ƙarƙashin Keiko Erikawa, inda mace ce ke zaɓe cikin samari. Shi ake ɗauka mafarin irin waɗannan wasanni, da ake kira otome.

Daga nan lissafin maki ya fara ja da baya, labari ya shigo gaba. To Heart na kamfanin Leaf a 1997 da Kanon na Key a 1999 kusan littattafai ne masu hoto da kiɗa: ka karanta, ka yi zaɓi nan da can, zaɓin ya kai ka hanyar yarinya ɗaya. Key ya ƙware wajen fara labari da raha ya ƙare da hawaye, kuma Clannad na 2004 ne ƙololuwar wannan salo.

Matsalar hanyoyi da yawa

A nan ne tarihin ya fi armashi. Wasa na iya ba kowace yarinya nata ƙarshen, mai wasa ya sake farawa ya bi wata hanya. Shirin talabijin kuwa hanya ɗaya yake da ita. Duk wanda ya zo mayar da wasa anime sai ya amsa tambaya guda: wace zai zaɓa, kuma yaya zai yi da masoyan sauran?

Kamfanin Kyoto Animation, da ya yi animen Air a 2005, na Kanon a 2006 da na Clannad a 2007, ya bi hanyar maslaha. Jarumin na taimakon kowace yarinya a matsalarta, amma zuciyarsa na wurin ɗaya. A Clannad Nagisa ce, sai aka yi wa Tomoyo da Kyou kashi na musamman a gefe don rarrashin masoyansu. School Days na 2007 ya ɗauki akasin haka: ya bar jarumin Makoto ya bi kowace yarinya a cikin labari ɗaya, ya nuna inda irin wannan yaudara ke kaiwa, wato kisa. An ɗage nuna kashin ƙarshe a Satumbar shekarar bayan wani kisan gilla da ya auku a yankin Kyoto. Amagami SS na 2010 bai wahalar da kansa ba: 'yanmata shida, kowace kashi huɗu, in an gama da ɗaya sai a mai da agogo baya kamar ba a yi ba.

Mafi wayon amsa ta fito ne daga manga, ba daga wasa ba. Kami nomi zo Shiru Sekai na Tamiki Wakaki, wanda aka fi sani a waje da The World God Only Knows, ya gudana a Shonen Sunday daga 2008 zuwa 2014, kamfanin Manglobe kuma ya yi animensa a 2010, 2011 da 2013. Keima Katsuragi ɗalibi ne da babu yarinyar cikin wasa da ta gagare shi, amma ya raina 'yanmatan zahiri. Wata aljana mai suna Elsie ta tilasta masa ya yi amfani da dabarun wasa a kan 'yan makarantarsu, don korar ruhohin da suka ɓuya a zukatansu. Da zarar ya yi nasara sai yarinyar ta manta komai. Da wannan dabara Wakaki ya samu hanyoyi da yawa cikin labari ɗaya, sannan daga baya ya sa wasu suka tuna, Keima ya fuskanci ɓarnar da ya yi. Shirin na yi wa nau'in ba'a, amma ba'ar wanda ya san abin ciki da bai.

Bayan 2010

Tun kafin nan ƙananan littattafan matasa sun fara ƙwace kasuwar. Toradora! na Yuyuko Takemiya, da ya hau talabijin a 2008, ya nuna ana iya yin zazzafar soyayyar makaranta ba tare da wasa a bayanta ba, Kaguya-sama na Aka Akasaka kuma, daga manga, ya tabbatar da haka a 2019. Konami ya sake gwada sa'a a 2009 da LovePlus kan Nintendo DS, wanda ke ci gaba bayan an furta so, yana bin agogon gaske.

Wasan neman soyayya dai ya koma kayan labari maimakon tushensa. Saekano na Fumiaki Maruto, wanda shi kansa marubucin irin waɗannan wasanni ne, labarin ɗalibai ne da ke ƙera nasu wasan. A 2020 aka nuna labarin Katarina Claes, yarinyar da ta farka ta ga kanta a matsayin muguwar cikin wani wasan otome, kuma irinsa sun yi yawa tun daga lokacin. A Amurka ma Dan Salvato ya ari rigar nau'in a 2017 ya ɓoye labarin ban tsoro a cikin Doki Doki Literature Club. A 2025 Konami ya sake fitar da Tokimeki Memorial na farko kan Nintendo Switch, da sabon zane, bayan shekara 31 da fitowarsa.