Daga Tashar Gari zuwa Tauraron Ɗan'adam: Tarihin Ƙaurar Masu Sauraron Rediyo a Amurka, 1996–2009

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda miliyoyin masu sauraro a Amurka suka juya wa tashoshin rediyon garuruwansu baya, suka koma biyan kuɗi duk wata domin sauraron rediyon tauraron ɗan'adam. An danganta wannan ƙaura da dokar sadarwa ta 1996, sannan an waiwayi yunƙurin kamfanin WorldSpace a Afirka domin a ga dalilin da ya sa fasaha iri ɗaya ta karɓu a wata nahiya, ta kasa kafuwa a wata.

1.0 Dokar 1996 da Haɗiye Tashoshi

Kafin shekarar 1996, doka ba ta yarda kamfani guda ya mallaki tashoshin rediyo sama da 40 a faɗin Amurka ba, wato 20 a zangon AM da 20 a zangon FM. A ranar 8 ga Fabrairun wannan shekara Shugaba Bill Clinton ya rattaba hannu kan sabuwar dokar sadarwa wadda ta soke wannan iyaka baki ɗaya, ta kuma ba kamfani damar riƙe har tashoshi 8 a manyan birane. Nan da nan aka shiga cinikin tashoshi kamar ana cin kasuwar sallah. Kamfanin Clear Channel da ke San Antonio a jihar Texas, wanda tashoshinsa ba su wuce arba'in da 'yan kai ba kafin dokar, ya wayi gari a farkon shekarun 2000 da kimanin 1,200.

Mafi yawan wannan ciniki da bashi aka yi shi, kuma biyan bashin ne ya sauya abin da mai sauraro ke ji. An rage ma'aikata, an ƙara yawan talla, an taƙaita waƙoƙin da ake sakawa zuwa waɗanda binciken kasuwa ya nuna ba za su sa kowa ya sauya tasha ba. Wata dabara da ta yaɗu a lokacin ita ce naɗar muryar mai gabatarwa tun da wuri a wani birni mai nisa, a tura ta ta kwamfuta zuwa tashoshi da dama, yana gaishe da mutanen gari kamar yana zaune a cikinsu alhali bai taɓa taka ƙasarsu ba. Tashar tana nan da sunanta da lambarta, amma sau da yawa cikin dare babu mahaluki a ɗakin watsa shirye-shirye.

Abin da ya faru a garin Minot na jihar Dakota ta Arewa shi ne ya zama abin misali a wannan muhawara. Cikin daren 18 ga Janairun 2002 wani jirgin ƙasa ya kauce daga layi a gefen garin, iskar ammoniya mai guba ta lulluɓe unguwanni, mutum ɗaya ya rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Tashoshin kasuwanci shida na garin duk mallakar Clear Channel ne, kuma 'yan sanda sun ce sun yi ta buga waya tashar da aka ware domin sanarwar gaggawa ba a ɗauka ba. Kamfanin ya musanta cewa laifinsa ne, yana mai cewa hukumomin garin ba su iya sarrafa na'urar sanarwar da ke hannunsu ba. Akwai alamun sakaci a ɓangarorin biyu, sai dai abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne sun kunna rediyo suna neman labarin abin da ke shaƙe su, suka tarar da kiɗa. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg da wannan lamari ya buɗe littafinsa Fighting for Air na 2007.

A watan Maris na 2003 kuma, bayan mawaƙiyar ƙungiyar Dixie Chicks ta soki Shugaba George W. Bush a wani wasa a Landan, kamfanin Cumulus ya dakatar da waƙoƙin ƙungiyar a tashoshinsa masu saka irin wannan kiɗa. Umarni guda daga hedkwata ya isa ya rufe murya a garuruwa da dama lokaci ɗaya, abin da zai yi wuya a zamanin da kowace tasha ke da mai ita.

2.0 Zuwan XM da Sirius

A watan Afrilun 1997 hukumar FCC mai kula da harkokin sadarwa ta yi gwanjon lasisi biyu kacal na watsa rediyo ta tauraron ɗan'adam, kowanne a kan sama da dala miliyan 80. Kamfanonin da suka saya su ne daga baya aka sani da XM da Sirius, kuma an gindaya sharaɗin cewa ɗaya ba zai mallaki lasisin ɗayan ba. XM ya fara aiki a ranar 25 ga Satumban 2001, Sirius ya biyo baya a 2002. Kowannensu ya zo da tashoshi kusan ɗari, a kan dala 9.99 a wata ga XM, da dala 12.95 ga Sirius.

A ƙasar da aka saba da rediyo kyauta tun shekarun 1920, mutane da yawa sun ɗauka babu wanda zai biya. Amma abin da ake sayarwa ya dace da koken da ake yi. Tashoshin kiɗan Sirius ba su da talla tun farko, XM ma ya cire nasa a 2004. Mai son tsohon jaz ko kiɗan gargajiyar karkara, wanda tashar garinsa ta daina sakawa, ya sami tasha sukutum ta abin da yake so. Direban babbar mota zai tashi daga gabar gabas zuwa ta yamma yana sauraron tasha guda ba ta ɗauke ba, domin saƙon daga sama yake saukowa, a cikin birane kuma an girka na'urorin ƙarfafa shi a inda dogayen benaye ke tare shi. Babbar ƙofar shiga ita ce mota: General Motors ya zuba jari a XM ya riƙa sanya akwatin tun daga masana'anta, Ford da Chrysler kuma suka ƙulla da Sirius.

Shekarar 2004 ta ƙara wa lamarin armashi. Hukumar FCC ta tsaurara tara kan kalaman batsa a iska, Clear Channel ya cire shirin Howard Stern daga tashoshinsa shida, shi kuwa a watan Oktoba ya bayyana cewa ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da Sirius wadda aka ƙiyasta a dala miliyan 500. Ya fara a Janairun 2006. Ƙa'idojin hukumar kan irin waɗannan kalamai ba su hau kan rediyon da ake biya ba. A shekarar 2004 ɗin dai Clear Channel da kansa ya sanar da shirin rage yawan talla a tashoshinsa, wanda hakan amsa laifi ne ko da ba a furta ba.

Sai dai akwai abin da masu ƙaurar ba su cika lura da shi ba. Clear Channel na cikin waɗanda suka zuba jari a XM tun 1999, kuma a 2006 ya sami ikon mayar da talla a wasu tashoshin kiɗa da yake shirya wa XM. Sannan koken asali shi ne tashar gari ta daina zama ta gari, alhali tauraron ɗan'adam ya fi kowa nisa da gari. Shiri ɗaya ake watsawa daga Washington ko New York ga ƙasa baki ɗaya. Ya magance talla da maimaita waƙa, amma da an sake yin irin hatsarin Minot, ba shi da wakilin da zai leƙa taga ya faɗi inda iska ta nufa.

3.0 Haɗewa

Kamfanonin biyu sun yi ta tafka asara, saboda tsadar taurari da gasar sayen fitattun masu gabatarwa da haƙƙin watsa wasanni. A Fabrairun 2007 suka bayyana niyyar haɗewa, suna kafa hujja da cewa abokan gasarsu na haƙiƙa su ne iPod da intanet da tashoshin FM. Hukumar FCC ta amince a Yulin 2008 da ƙuri'a 3 da 2, ta jingine sharaɗinta na 1997, bisa alkawarin ba za a ƙara kuɗin wata ba har shekara uku. Sabon kamfanin na da masu biya kimanin miliyan 18.5. A Nuwamban wannan shekara aka haɗe jerin tashoshin, wasu da mutane suka shaƙu da su suka ɓace dare ɗaya. Wanda ya baro tashar garinsa don gudun mallakar kamfani guda ya tsinci kansa a hannun kamfani guda, an gudu ba a tsira ba. A Fabrairun 2009 ma sai da Liberty Media ya kawo ɗaukin rancen dala miliyan 530, a madadin kashi 40 cikin ɗari na hannun jari, kafin kamfanin ya tsallake durƙushewa.

4.0 WorldSpace da Afirka

Afirka ta riga Amurka samun wannan fasaha. Noah Samara, lauya haifaffen Habasha, ya kafa WorldSpace a 1990 a Washington, da burin isar da ilimi, musamman kan cutar ƙanjamau, ga waɗanda tashoshin gwamnati ba sa gamsarwa. An harba tauraron AfriStar a Oktoban 1998, aka fara watsa shirye-shirye a 1999. Kamfanin ya taɓa riƙe hannun jari a XM kafin ya janye.

Ƙorafi kan tashoshin gida ba baƙo ba ne a nan. Mai sauraron Hausa ya daɗe da sanin hanyar kauce wa muryar gwamnati, ta gajeren zango: Sashen Hausa na BBC tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, Muryar Amurka tun 1979. Duk wannan da ƙaramin akwati mai batir biyu ake yinsa, ba kuɗin wata. Akwatunan WorldSpace na farko kuwa, waɗanda Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo suka ƙera, sun haura dala 200. Bugu da ƙari, tauraron ya iso a daidai lokacin da ake sakar wa tashoshi masu zaman kansu mara: RayPower ta fara a Legas a 1994, Anfani a Yamai a tsakiyar shekarun 1990, Freedom Radio a Kano a 2003. Yayin da tashar gari ke rasa muryarta a Amurka, a ƙasar Hausa lokacin ne take samunta, da harshen gida da kiran waya kai tsaye. Masu biyan WorldSpace ba su kai 200,000 ba, akasarinsu a Indiya. A Oktoban 2008 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, kuma a ranar 31 ga Disamban 2009 ya rufe watsa shirye-shiryensa a Indiya.