Asalin Garin Baro

A ƙasar Nufe, cikin yankin Agaie na Jihar Neja ta yanzu, akwai wani ɗan gari a gaɓar arewa ta Kogin Kwara ana ce da shi Baro. Dutse ne a bayansa, ruwa a gabansa, garin kuwa ya maƙale a ɗan filin da ke tsakani. Da can ba kowa ya san da shi ba, in ban da masunta da masu fito da kwale-kwale.

To, abin da ya fito da sunansa shi ne kishi tsakanin gwamnatoci biyu na Turawa. Kafin 1914 Arewa da gwamnatinta, Kudu da tata, kowa da baitulmalinsa. Turawan Legas suna ta jan layin dogo yana tahowa arewa, na Arewa kuma ba su so a ce duk kayan ƙasarsu sai sun bi ta hannun Legas. Suka ce ai ga Kwara nan, hanya ce da Allah ya shimfiɗa har teku, abin da ya rage kawai a haɗa ta da Kano. Gwamna Lugga ya daɗe yana wannan kuka, amma sai a zamanin magajinsa, Percy Girouard, mutumin Kanada wanda aikinsa ke nan gina reluwe, aka sami izini daga Ingila a 1907. Da aka duba gaɓar kogi sama da Lokoja, sai ido ya faɗa kan Baro, don jirgi mai hayaƙi yana iya isa can, ga kuma tudun da ambaliya ba ta cinyewa.

Kwara dai ba kullum take da ciki ɗaya ba. Daga Agusta zuwa Oktoba takan cika ta batse, manyan jirage su hau da lodi. Da rani kuwa sai yashi ya fito tsibiri-tsibiri, matuƙi na tafe ana zura gora a gaba ana auna zurfi. Saboda haka ƙarafan dogo da kawunan jirgi duk sai aka riƙa rige-rigen kawo su cikin 'yan watannin nan, a jibge a bakin gaɓa, a yi shekara ana ci daga ciki.

Ma'aikata fa? Sarakuna aka ɗora wa. Kowane hakimi a yanka masa adadin mutanen da zai kawo aikin diga, a raba manomi da gonarsa ya je ya yi makonni yana sara da ɗaukar ƙasa a kwando. Ana biyan su da tsabar kuɗin Turawa, ba wuri ba, kuɗin kuma da su za a dawo a karɓi haraji. Wanda ya ce aikin son rai ne, bai tambayi Nufawa da Gwarawa ba.

Layin ya bi ta Katcha da Badeggi ya hau Minna, ya wuce Zariya, ya shiga Kano a 1911, tafiyar mil ɗari uku da hamsin da 'yan kai. Turawa auduga suka sa wa rai. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi, ko ba a saya ba a ci. Baro ta cika da akawuna da 'yan dako da ɗakunan ajiya na kamfanoni.

Sai dai daɗin bai jima ba. Layin Legas ya riga ya zo ya haɗu da wannan a Minna, abin da ya rage masa cikas shi ne ƙetare Kwara a Jebba, inda ake ɗora taragu a kan jirgin fito. Da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914 kishin ya mutu, da aka gama gadar Jebba a 1916 kuwa sai buhun gyaɗa ya tashi daga Kano ya sauka Legas ba tare da ya jira damina ba. Wa zai sauke kaya a Baro ya zauna jiran ruwa? Sashen Minna zuwa Baro ya koma reshe, daga baya jirgin ma ya daina zuwa.

An yi yunƙurin tayar da garin. Shugaba 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara har zuwa Baro a 2009, Shugaba Buhari kuma ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Janairun 2019. Amma tasha ba ta ci sai da hanya: dogon ya mutu, titin da ya taso daga Agaie ya daɗe yana wahalar da direbobi, yashin da aka kwashe kuma kogi yana mayar da abinsa kowace damina.