Iri Ne Ko Harawa? Tarihin Lissafin Zaɓen Dabba

Duk mai turke rago a Kambarawa ya san gardamar nan: rago ya cika ido, wani ya ce iri ne, wani ya ce a'a, harawa ce da dusa. Masu binciken kiwo ma ita suka daɗe suna yi, da alƙalami a hannu.

A gonar Shika ta kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928 ta kuma zama cibiyar binciken kiwo ta NAPRI a 1976, an yi ta barbarar shanun Bunaji da Firiziyan don a ƙara nono. To amma in za a gwada bajimai biyu, sai a tarar 'ya'yan wannan bajimi sun tashi a shekarar ruwa, na wancan cikin fari. Wannan yana da 'ya'ya ashirin, wancan uku kacal. In aka tara nonon aka raba kawai, an zalunci bajimin kirki.

Wajen 1950 Charles Henderson na Jami'ar Cornell a Amurka ya fito da lissafin da ke ware abin da garke, shekara da damina suka jawo, ya bar abin da dabba ta gada a jini. Yinsa da hannu kuwa jan aiki ne, don haka ya jira kwamfuta. Manhajar Walter Harvey ta daɗe tana yi wa ɗalibai hidima. Manhajar SAS, wadda aka fara a wata jami'ar Karolina ta Arewa don alƙaluman gona, ta ƙara da PROC MIXED mai yin irin wannan lissafi a 1992, sai dai lasisinta da tsada. Ni a wurina babban sauyin shi ne manhajar R, da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Niyuzilan: kyauta ce, ɗalibi a Katsina zai sauke ta da datar wayarsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lissafin ba ya aiki sai da rubutaccen asali: wace ce uwa, wane ne uba, yaushe aka haifa, kilo nawa a ranar yaye. Bafulatani zai tsaya ya lissafo maka uwar saniyarsa da kakarta da suna, amma duk a ka yake. Tumakinmu 'Yankasa da jajayen awaki kuwa sakinsu ake yi da safe, su dawo da ciki, ba wanda ya san uban. Shi ya sa binciken da na gani yawancinsa kan garken gonakin gwamnati da na jami'o'i yake, dabbobin da ke cikin gidajenmu ba su shiga lissafin ba.